Lubbert Mai Turke da Yashin Baƙauye

Lubbert ɗan Sybrant bai taɓa zama a kujera ba sai ya fara girgiza ta. Ɗan gwaggona ne, taubashina, saboda haka abin da mutane ke faɗi a bayan idonsa ni a gabansa nake faɗi. An ce ranar da aka haife shi ungozoma ta miƙa shi ga uwarsa, shi kuwa ya ƙi kama nono sai da ya duba fuskar matar sau biyu. Ban ga wannan da idona ba, amma wanda ya san shi ba zai yi musu ba.

Sana'ar gidansu kafa turaku ce. A Amsterdam ba a ɗora bulo a kan ƙasa, don ƙasar taɓo ce zalla, in ka ajiye takalmin katako da safe, kafin la'asar sai ka haƙo shi. Gumagumai ake kawowa masu tsayin ƙafa arba'in, a kafa su ɗaya bayan ɗaya har su ratsa taɓon su taka yashi mai ƙarfi, sannan magina su zo. Mutum arba'in ke jan igiyoyin guduma, su ɗaga ta su sake ta, mai waƙa na ƙirga musu. Bugu talatin, a huta. Helma, shugaban aikin, ya zo da alli ya ja layi a jikin turken, ya ga nawa ya nutse. In ya daina nutsewa sai helman ya ce, "Ya tsaya." Kalma biyu ke nan, kuma su ne duk aikin helma. Ba ya taɓa igiya, ba ya ɗaukar gungume. Bakinsa ake ɗora wa gida.

Sybrant, uban Lubbert, helma ne, kuma kalma biyun nan su suka ci shi. Akwai wani yashi siriri a wajen ƙafa ashirin da biyar, bai kai kaurin katifa ba, ƙarƙashinsa taɓo ne kamar kunu. Yashin baƙauye ake ce masa, wai baƙauye kaɗai yake ruɗa. Wata shekara turakun Sybrant suka taka shi suka cije, ya ce sun tsaya, aka gina bene hawa uku. Shekara biyu gidan ya fara sunkuyowa kan titi kamar mai gaida surukai. Unguwa ta sa masa suna Gidan Gaisuwa. In an ajiye cuku a tebur a ɗakin baya, sai a tare shi a bakin ƙofar gaba. Sybrant ya yi sauran kwanakinsa yana zagayawa ta wata gada don kada ya bi ta titin, kuma babu wanda ya sake ba shi aiki.

Lubbert ya tashi yana ganin gidan nan. Duk da haka ya gaji sana'ar, ya kuma yi suna. Shekara goma sha biyu yana cewa "ya tsaya", gidaje na tsayawa. Ya auri Machteld mai sayar da kifin gishiri, mace mai murya da za ta kira jirgi daga tsakiyar teku ya juyo. Tana da ƙane, Reinier, wanda aka tura karatu Leiden. Shekara biyu ya yi ya dawo, da hula mai faɗi da Latinanci cike da baki, ba takardar shaida.

Wata Lahadi bayan coci, a farkon kaka, suna cin wake da burodi a gidan Lubbert, Reinier ya buɗe sabon karatun da ɗalibai ke faɗa a kansa.

"Yaya Lubbert, me ka sani tabbas?"

"Na san kana cin waken gidana tun watan jiya."

"Da gaske nake. Idonka bai taɓa yi maka ƙarya ba? In ka tsoma filafili a ruwa, ya kake ganinsa?"

"A karye."

"Ya karye?"

"Bai karye ba."

"To shaidan da ya yi maka ƙarya sau ɗaya, za ka sake ɗora gida a kan maganarsa?"

Machteld ta ce, "Malam, ci abinci, yana hucewa."

Reinier bai ji ba. Ya ce sabuwar hanyar ita ce mutum ya kwashe duk abin da ya yarda da shi tun yarinta, ido, kunne, abin da iyaye suka faɗa, ya ajiye gefe. Duk abin da za a iya shakkarsa ko da ƙwayar zarra, a ɗauke shi kamar ƙarya, a yi ta nutsawa har a taka abin da ba ya motsi. Ya ce ba ka taɓa mafarki kana wajen aiki ba, kana jin ƙarar guduma sarai, sai ka farka a gado? To me ya tabbatar maka yanzu ba a gadon kake ba? Ya ce ƙila ma akwai wani mayaudari mai iko da ba shi da aikin yi sai shirya maka duniya ta ƙarya.

Da wani mutum ne ya ji wannan, dariya zai yi ya ƙara wake. Lubbert ya ajiye cokali. Shi ba sabon abu ya ji ba, sana'arsa ya ji ana faɗi da Latinanci. A yi ta bugu har a taka abin da ba ya motsi. Ya kuma san abin da Reinier bai sani ba, cewa akwai yashin da ke cijewa kamar na gaske.

Daga ranar aka rasa gane kansa. Ya tsaya a bakin gada yana kallon ruwa har masu kwalekwale suka zaci zai faɗa. Ya ƙirga yatsunsa, ya sake, wai ko jiya tara ne. Da safe ya dubi Machteld ya ce, "Ke ce?" Ta ce, "A'a, sarauniyar Faransa ce, tashi ka ɗebo ruwa." Ba ya zama, ba ya gama cin abinci, yana fita ya dawo ya taɓa ƙofa ya sake fita. Takalmin katako uku ya cinye a wata guda, ni na ƙirga.

Ana cikin haka Neeltje ta ba shi aiki. Bazawara ce mai gasa burodi, mijinta ya bar mata fili a sabuwar unguwa, tana son gida da tanderun bulo mai nauyin giwa uku. Turaku sittin. Ta faɗa masa tun farko: a gama kafin ƙanƙara, don in ƙasa ta daskare babu turken da zai shiga, magina kuma ba za su jira ta har bazara ba.

Ranar farko aka ɗaga turke, tsoho Tijs ya ɗauki waƙa. Tijs ya ja igiya tun zamanin Sybrant, haƙoransa huɗu, uku suna hutu. Turken ya yi ta shiga kamar cokali a man shanu, a ƙafa ashirin da shida ya cije. Talatin, bai motsa ba. Wata talatin, layin alli na nan inda yake. Masu igiya suka fara sassauta hannu suna kallon helma.

Lubbert ya ce, "A ƙara."

Wani daga baya ya ce, "Maigida, ai ya tsaya, ko makaho ya gani."

"Makahon ya zo ya faɗa. A ƙara."

Aka ƙara suna gunaguni. A bugu na tamanin da wani abu turken ya zurma ƙafa huɗu lokaci guda, guduma ta bi shi, mutum goma suka zauna a taɓo ba shiri. Yashin baƙauye ne. Neeltje ta aiko da burodi mai zafi kwando guda, kafin yamma labari ya zaga gari cewa ɗan Sybrant ya wanke sunan ubansa.

Wannan shi ne mafi munin abin da ya taɓa samun Lubbert. Shakka ta yi gaskiya sau ɗaya, a gaban mutum arba'in, daga nan wa zai hana ta magana?

Turken ya kai ƙafa talatin da tara ya sake cijewa, a daidai inda turakun maƙwabta duka suka tsaya. Lubbert ya ja layi, aka buga, ya duba, ya ce a ƙara. Aka ƙara. Ya durƙusa ya kara ido da allin, ya ce ƙila hannunsa ya goce wajen jan layin. Ya ja sabo. A bugu na ɗari biyu kan turken ya tsage ya baje kamar tsintsiya. Aka kawo na biyu, haka. Na uku, haka. Kwana tara, turaku huɗu a ƙasa, uku a tsage, kuma bakin Lubbert bai furta kalma biyun nan ba ko sau ɗaya. In ya buɗe baki sai ya ga Gidan Gaisuwa, sai ya ce a ƙara.

Masu igiya suka fara zamewa zuwa wajen wasu helmomi. Daga arba'in aka koma talatin da ɗaya. Safiyar kwana na goma ruwan da ya ratsa unguwa ya yi fatar ƙanƙara, siririya, agwagwa na fasa ta da ƙirji. Neeltje ta zo da gari a hannunta har gwiwar hannu.

"Lubbert, ni ban yi Leiden ba. Gida nake so. In gobe rana ta take tsaka ban ji ka ce ya tsaya ba, zan kira wani helman. Ka san kuma abin da za a ce."

Ya sani. Za a ce uban ya faɗa da wuri, ɗan ya kasa faɗa sam, kuma babu mai sake ba zuriyar Sybrant ko turken ɗaure akuya.

Bai tsaya cire takalmi ba ya wuce gida. Ya tarar da Reinier a bakin murhu yana ɗumama ƙafa, Machteld na gyaran kifi.

"Malam, ƙarasa min karatun nan. Bayan an zubar da komai, me ake takawa?"

Reinier ya sosa ƙeya. "To, ka san, ni kafin a kai ƙarshe na taho gida."

Machteld ta ajiye wuƙa. "Wato rabin magani ka ba mijina."

Reinier ya ce, "Na dai ji farkon amsar. Cewa aka yi, ko da komai yaudara ne, wanda ake yaudara dole yana nan. Kai mai shakkar, ba ka iya shakkar kana nan kana yin ta. Wannan ba ya motsi."

Lubbert ya shiga juya maganar. Ya buga ta ta nan, ya buga ta ta can, ba ta nutse ba. Ya ce, "Gaskiya ne. Ina nan." Ya ɗan saki fuska, sannan ya sake ɗaure ta. "To zai ɗauki tanderu?"

"Wane tanderu?"

"Na Neeltje. Ni ina nan, na yarda. Yashin fa?"

"Yashin sai can gaba ake zuwa kansa. Akwai matakai."

"Nawa?"

"Da yawa."

"Kafin gobe da rana?"

Reinier ya koma kallon wuta. Machteld ta ce, "Maigida, ni da zan farke kowane kifi in tabbatar da cikinsa, ƙaya zan kai kasuwa." Lubbert bai ji ba, ya riga ya fita, ya dawo ya taɓa ƙofa, ya sake fita.

Washegari mutum ashirin da tara suka zo, numfashinsu na hayaƙi. Aka ɗaga turke na biyar. Ya ratsa yashin baƙauye bayan bugu saba'in, ya nutse, ya cije a talatin da tara. Aka huta. Lubbert na zagaya turken kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Tijs ya jawo shi gefe.

"Ɗan Sybrant, zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina riƙe da igiya ranar da ubanka ya yi maganar nan. Kana zaton yashi ne ya ruɗe shi? Bai ruɗe shi ba. Yashin baƙauye in guduma ta sauka, ƙararsa dum ce, kamar ka bugi katifa. Na gaske kuwa yana mayar da bugu, guduma ta yi tsalle, igiya ta fizge ka har kafaɗa. Mu duka mun ji dum. Shi ma ya ji. Amma ƙanƙara na tafe, mai gida na tsaye a kansa, sai ya faɗa."

Lubbert ya dafa turken. Shekara ashirin yana zaton ƙasa ce ta yi wa ubansa ƙarya. Ya dubi ruwa mai fatar ƙanƙara, ya dubi Neeltje da ke tsaye can a bakin fili da hannu a ƙugu.

"To ni ma ga ƙanƙara, ga mai gida. Ta yaya zan san ba su ne ke magana da bakina ba?"

"Saurari gudumar."

"Kunne na ƙarya, Baba Tijs."

"Yana yi. Nawa ma ɗaya ya mutu. Amma kunne da hannu da alli da ƙarti ashirin da tara, duk su haɗa baki rana ɗaya?"

"Reinier ya ce ƙila mafarki ne duka."

Tijs ya tofar da yawu. "To madalla. In mafarki ne, turken mafarki zai ɗauki tanderun mafarki, bazawara ta gasa burodin mafarki, mu ci da bakin mafarki. Ni dai yunwar mafarkin nan ta ishe ni."

Sai Lubbert ya yi abin da helma ba ya yi. Ya tuɓe riga, ya shiga cikin masu igiya, ya karɓi ta wani. Suka dubi juna. Helma da igiya, kamar fasto ya sauko yana shara. Ya miƙa wa Tijs allin ya ce ya ja layi, ya kira Neeltje ta zo ta ga layin da idonta, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Talatin sau uku. In bai nutse faɗin ɗan yatsa ba, zan faɗa. Na faɗi sharaɗin tun kafin bugu, kada in zo in canza. In na ce a ƙara, ku jefa ni a ruwa."

Wani ya ce, "Wannan ko ba ka roƙa ba."

Tijs ya ɗauki waƙa. Guduma ta tashi ta sauka. Igiya ta fizge Lubbert har haƙoransa suka haɗu. Shekara goma sha biyu yana helma bai taɓa jin wannan a jikinsa ba. Talatin. Tafinsa ya saɓule. Sittin. A kowane bugu wata murya a cikinsa na cewa ƙila akwai taɓo a ƙarƙashi, ƙila wannan ma katifa ce mai kauri, kuma ba ta yi shiru ba har casa'in. Aka tsaya. Tijs ya kara ɗan yatsa a layin. Ko rabin farce bai shige ba.

Ƙararrawar coci ta fara buga sha biyu. Lubbert ya buɗe baki, ya rufe. Na rantse ana jin ƙarar tunaninsa daga gada. Muryar nan ba ta tafi ba, kuma ya gane ba za ta tafi ba, ko an buga dubu. A bugun ƙararrawa na tara ya ce, can ƙasa, "Ya tsaya."

Neeltje ta ce, "Ban ji ba."

"Ya tsaya." Ya goge tafi a wando. "Amma da sharaɗi. In an gama, ɗakin sama nawa ne, wanda ke kan tanderu. In zai faɗi, ya faɗi da ni."

"Ka tambayi matarka?"

Bai tambaya ba. Abin da Machteld ta ce da ta ji, ba zai rubutu ba, amma ta kwashe kaya ta bi shi, don ɗakin na da ɗumi.

Sauran turaku hamsin da biyar, da ukun da aka maye gurbinsu, an gama su cikin kwana goma sha tara, kwana biyu kafin ƙasa ta zama dutse. Kowanne talatin sau uku, kowanne sai ya riƙe igiya a zagayen ƙarshe. Helmomin gari suka yi ta yi masa dariya, har gidajensa suka tsufa a miƙe, sannan wasu suka fara kwaikwayo a ɓoye. Reinier bai koma Leiden ba, ya zama magatakarda a wani ɗakin ajiyar hatsi, kuma har yau in sun haɗu Lubbert na tambayarsa ko an kai kan yashin.

Shekara ashirin da shida ke nan. Lubbert ya yi furfura, yana nan a ɗakin sama. A kan taga akwai kwano cike da ruwa, ya ja layi a cikinsa, kowace safiya kafin ya gaida kowa sai ya duba ko ruwan ya karkata. Sau ɗaya ya karkata, ya sauko da gudu ba takalmi ya fitar da Neeltje da masu sayen burodi titi, ashe Machteld ce ta sa ɓawon cuku a ƙarƙashin kwanon don ta gani ko yana dubawa da gaske.

Jiya na biya na same shi a ƙofar gidan, ya kara kafaɗa da bango kamar mai sauraron gulma. Na ce, "Helma, gidan nan dai ya tsaya ko?"

Ya ɗaga kai ya dubi bangon daga ƙasa har sama, ya ɗan tura shi da tafi.

"Ya zuwa safiyar yau," in ji shi.